Baba Ba-haka-ba da Shafin Ƙarshe

"Ɗaga ta can! Ba ta nan ba, ta can na ce maka!"

"Kai ne fa ka saki ƙafar kujerar, Tela. Ni tun daga sama nauyin nan a wuyana yake."

Sun maƙale a kwanar matakala, maƙwabta su uku da kujerar katako, ga tsoho zaune a kai an ɗaure masa ƙirji da zanin gado don kada ya zame. Mai Walda na gaba yana saukowa da baya-baya, Tela na riƙe ta sama yana nishi, shi kuwa Direba ya ɗora yatsu biyu a hannun kujerar yana ta ba da umarni, sai ka ce shi kaɗai ya taɓa ganin kwana a rayuwarsa. Mai Fensir na biye da su, takalman tsohon a hannu ɗaya, ledar magani a ɗayan. Babu inda za ta sa hannu, ga haushi ya cika mata ciki.

Tsohon ya juyo da kai da ƙyar. Bakinsa ya karkace gefe guda tun da safe, amma harshen bai mutu ba.

"Mai Fensir," ya ce, maganar na fitowa da nauyi, "duba da kyau. Ga haɗin kan naki. Ƙarti uku, kujera ɗaya."

"Baba, don Allah ka yi shiru ka ji da kanka."

"Ba haka ba ne. In na yi shiru wa zai gaya miki gaskiya?"

Ƙafar kujerar ta bugi bango, ɓawon fenti ya zubo wa Mai Walda a ka, ya yi tsaki ya ce wanda ya gina benen nan bai taɓa tunanin wani zai yi ciwo a cikinsa ba. Da jan ciki da faɗa da "sannu-sannu" suka kai ƙasa, suka cusa tsohon a bayan motar Direba.

Sunan da kowa ke kiransa da shi a benen ke nan, Baba Ba-haka-ba. Ko gaishe shi ka yi ka ce yau an tashi da zafi, sai ya gyara maka. Aikin gyaran rubutu ya yi a gidan jarida har ya yi ritaya. Ya saba farautar kuskure, to da aka daina ba shi takarda sai ya koma kan mutane. Abokin mahaifin Mai Fensir ne, shi ya laƙaba mata sunan tun tana yarinya tana ɓata masu bango da zane. Yanzu ta manyanta, zanen littattafan makaranta ne sana'arta, ƙofarta kuma na kallon tasa a hawa na uku.

Shekaru suka yi suna fitar da wani ɗan littafin labari cikin zane mai suna "Su Biyar". Yara ke saye a ƙofar makaranta, iyaye su karanta a ɓoye. Labarin wasu jarumai biyar ne masu baiwar da ta fi ta ɗan Adam, babbansu Ginshiƙi, wanda ke ɗaga babbar mota da hannu ɗaya. Yadda suke aikin shi ne abin mamaki. Ita za ta zana shafi ba tare da ta gaya masa komai ba, ta bar ɗan fili zagayayye kusa da bakin kowa inda magana za ta shiga, abin da suke kira kumfa. Shi kuma ya karɓa ya cika kumfar da alƙalaminsa ba tare da ya yi shawara da ita ba. Tun ranar farko suka kafa dokar, ita ba ta taɓa magana, shi ba ya taɓa zane.

Dokar nan ta sha sa ta kwana da ciwon kai. Ta taɓa zana Ginshiƙi yana ciro yaro daga rijiya, ta ɓata yini guda a kan idanunsa kawai don tausayi ya fito a cikinsu. Shafin ya dawo daga ɗakin Baba, Ginshiƙi na cewa, "Ina mai ɗaukar hoton? Ku bari ya iso kafin in ƙarasa fito da shi." Ta zana su biyar sun haɗa hannu sun yi da'ira, Baba ya sa ƙaramar cikinsu tana cewa a ranta, "Mutumin nan ba ya wanke hannu." Masu karatu suka yi ta dariya, littafin ya yi ta ƙarewa, ita kuma ta yi ta cizon yatsa.

"Baba, me Ginshiƙi ya tsare maka?" ta sha tambayarsa.

"Ba haka ba ne, ni ba ni da gaba da shi. Kin tuna lokacin da aka ba Tela makullin famfon gidan nan? Makulli fa, ɗan ƙarfe. Sati bai cika ba ya fara zaɓar wanda zai gaisa da shi. To ki ba shi ƙarfin ɗaga mota ki gani."

"Yaran nan suna ganin irin wannan kullum a waje. A bar masu wuri ɗaya mana, ko a takarda ne, inda mai ƙarfi ke sunkuyawa ya ɗauki wani."

"A yi masu ƙarya ke nan."

"A ba su abin koyi!"

"Shi na ce, ƙarya."

A haka suka tsufa da labarin, zane na cewa abu ɗaya, magana na cewa wani, kuma bai taɓa rushewa ba. Sai da suka yanke shawarar rufe shi. Sun gama littafin ƙarshe kaf, saura shafi ɗaya. Babbar gadar gari ta tsage, mutane cike a kanta, Ginshiƙi ya shiga ƙarƙashi ya tallafe ta da kafaɗunsa, sauran huɗun na ta kwashe jama'a. A nan dokarsu ta daina aiki. Fuska na iya yin murmushi magana ta yi zagi, amma gada ba ta iya tsayawa a zane ta faɗi a kumfa. Ko ya riƙe, ko ya saki. Dole a karon farko su yarda da abu ɗaya, kuma suna cikin wannan rigimar ciwon ya kayar da shi.

Da aka sallamo shi daga asibiti, ƙanwarsa ta zo jinya daga garin da take aure. Gwaggo kowa ke ce mata, mace mai tsabta da kaifin ido, wadda tun shigowarta ta kwashe tarin jaridun da ke ƙarƙashin gadonsa ta kai bayan ƙofa. Hannunsa na dama ya mutu, ƙafar ma haka. Mai Fensir ta shiga gaishe shi da niyyar ba za ta ɗauko zancen ba. Shi ya ɗauko.

"Kin zana?"

"Baba, ka warke tukuna."

"Mai maɗaba'a ba ya jiran lafiyar kowa. Saurara. Ginshiƙi na ƙarƙashin gada, cikin duhu da laka. Sama ana ta tafi, ana kiran sunayen huɗun nan, don su ake gani. Babu wanda ya leƙo ya ce masa sannu. Mutumin da ya saba a yabe shi ko tari ya yi. Me kike zaton zai yi?"

"Zai riƙe har mutum na ƙarshe ya wuce. Sannan huɗun su sauko su sa kafaɗa tare da shi."

"Su sauko? Wa ya taɓa barin wurin tafi ya sauka cikin laka?"

"Mai Walda ya bar aikinsa ya ɗauke ka a wuya."

"Ya buga ni da bango."

"Amma ya kai ka ƙasa!"

"Don Direba na kallonsa ne. Da ba kowa, da sai ya gama ƙofar da yake haɗawa."

Ta miƙe tsaye. "Kai dai Baba ba a taɓa yi maka alheri ka ce alheri ne. Shekara nawa ina zana mutumin kirki kana mayar mini da shi ɗan iska? Shafi ɗaya nake roƙo. Ɗaya tak."

"Ba haka ba ne. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Nasa ne, kuma na san shi. Zai saki."

Gwaggo ta shigo da kofin shayi ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. "Wai wane ne zai saki? Wa ya riƙe me?"

"Wani mutum ne a ƙarƙashin gada," in ji Baba.

"Innalillahi! A ina?"

"A takarda, Gwaggo," in ji Mai Fensir.

Gwaggo ta ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsalu. "Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, ke kin zo kina masa ihu a kan mutumin takarda. 'Yar nan, ki ji tsoron Allah ki tafi ɗakinki."

Ta tafi, ta rufe ƙofarta da ƙarfin da ya fi na kofin. Ta rantse a ranta ba za ta sake taka ɗakin ba sai ya aiko. Kwanaki ta yi tana jin tarinsa ta cikin bango, tana wucewa ta gaban ƙofarsa da kai a sama, tana jira. Bai aiko ba. Wanda ya aiko shi ne mai maɗaba'a, ya ce makarantu sun kusa tafiya hutu, in littafin bai fito kafin nan ba, ya wuce sai wata shekara, kuma yara ba sa jiran labari har shekara.

Wata safiya tana wanke buroshin fentinta ta ji salatin Gwaggo. Ciwon ya sake bugunsa. A wannan karon asibiti ba su riƙe shi da daɗewa ba. Likita ya ja babban ɗansa gefe, wanda ya taso daga wurin aikinsa a wani gari, ya ce su kai shi gida su kula da shi, abin da ya rage ke nan. Aka dawo da Baba Ba-haka-ba ɗakinsa da idanu biyu a buɗe, da hannun hagu mai ɗan motsi, ba magana. Ko "a'a" ba ya iya cewa, mutumin da ya ci abinci da ita shekara da shekaru.

Ɗakin ya zama wurin kacici-kacici. Zai yi gurnani, Gwaggo ta ce ruwa yake so, ɗan ya ce a'a juya shi za a yi, Tela da ya leƙo gaisuwa ya ce shi a ganinsa fanka ce ta dame shi. A kawo ruwa ya kau da kai, a juya shi ya ƙara gurnani, a kashe fanka gumi ya karyo masa. Idanunsa su yi ta yawo a kansu cike da takaici, kowa na faɗin abin da ba haka ba ne, shi kuma ba halin gyarawa.

Mai Fensir ta kasa jure kallon. Ta yanko bayan wani kwali ta zana masa kofi, da matashin kai, da taga, da fanka, da bargo, da bokiti, da fuskar Gwaggo da ta ɗansa. Ta riƙe kwalin a gabansa. Ya daɗe yana kallo, sannan yatsansa ya ja jiki ya sauka a kan taga. Aka buɗe tagar, ya lumshe ido.

"Ashe zanen naki na da amfani," in ji Gwaggo, kamar an matse maganar daga bakinta.

Daga nan tunanin ya zo mata. In zai iya nuna taga, zai iya nuna shafi. Ta zauna ta zana ƙarshen labarin sau biyu. Nata ta fara yi, Ginshiƙi a tsakiya, huɗun sun sauko sun sa kafaɗa, laka har gwiwa, gada a tsaye. Sannan ta ɗaure zuciya ta zana na Baba. Ginshiƙi ya sunkuyar da kafaɗa ɗaya ya zame, yana fita daga ƙarƙashin gadar yana kaɗe hannu, bayansa ƙarafa sun fara lanƙwasa. Ta yi niyyar ta yi shi sama-sama, ta gama ta huta. Hannunta ya ƙi. Fuskar ta fito da wata irin gajiya da ƙyashi da ba ta san ta iya zanawa ba. Da ta jera su biyun a tebur ta ja baya ta duba, na Baba ya fi nata kyau nesa ba kusa ba, abin ya ƙona mata rai har ta ji kamar ta yaga shi.

Shiga da su ɗakin ya zama wani aikin. Gwaggo ta tsare ƙofa.

"Mutum na kwance rai a hannun Allah, ke kina kawo masa 'yan tsana? Kwalin nan na yarda da shi, yana da dalili. Wannan kuwa a'a."

"Gwaggo, minti ɗaya. Nunawa kawai zai yi."

"Ya nuna me? Ko ruwa da cokali nake ba shi."

Ɗan ya biyo ta har bakin ƙofarta. Mutum ne mai ladabi, ladabin ne ma ya fi ciwo. "Anti, ki yi haƙuri da Gwaggo. Ni a ganina ki zaɓi wanda kike so ki kai masu. Ai Baba ba zai sani ba."

"Ni zan sani," ta ce.

"To ki zaɓi nasa, ki huta."

"In na zaɓar masa ai ba shi ya ci ni ba, sadaka na ba shi. Ka san mahaifinka kuwa? Ya fi son a zage shi da a tausaya masa."

Ya yi murmushin wanda bai gane ba kuma ba ya son ganewa, ya koma ciki. Ita kuwa ta shiga ɗakinta ta ɗauki alƙalami, ta ce bari ta gwada cika kumfar shafinta da kanta, a kan wata takardar daban. Ta rubuta, "Kada ka ji tsoro, muna tare da kai." Ta karanta, ta ji kamar sanarwar da ake mannawa a asibiti. Ta rubuta wani, ya fi na farko muni. Shekaru tana cewa Baba na lalata mata jarumai, yau ga su a hannunta ita kaɗai, sun buɗe baki ba abin da ke fitowa sai iska.

Kullum tana shiga ɗakin, amma a tsaye. Ta riƙe masa kwali, ta gyara bargo, idonta na kan Gwaggo ko za ta fita, shafukan na naɗe a ƙarƙashin mayafinta. Mai maɗaba'a ya sake kira, ta ce masa gobe. Goben ta zo ta sake ce masa gobe. Baba kuma na ta ƙanƙancewa a kan katifa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi.

Damar ta samu wata rana bayan azahar. Ɗan ya tafi sayen magani, Gwaggo ta sauka shanya zannuwan gado ta ce ta duba mata shi. Ƙafar Gwaggo ba ta gama barin matakala ba Mai Fensir ta warware shafukan ta shimfiɗa su a kan bargon, ɗaya kusa da ɗaya, daidai inda hannun hagunsa zai kai.

"Baba, ga su. Wannan ya riƙe, wannan ya saki. Duk wanda ka taɓa shi za a buga, wallahi ba zan yi gardama ba. Ka ga, naka ma ya fi kyau, na faɗa da bakina. Taɓa ɗaya kawai."

Idanunsa suka sauka kan nata, suka daɗe. Suka koma kan nasa, suka fi daɗewa. Hannun ya taso a hankali, ya faɗa a kan nasa.

"To shi ke nan," ta ce. "Na ji. Ka ci."

Ta kai hannu za ta zare shafin, yatsunsa suka dunƙule. Takardar ta yi ƙara tana tattarewa cikin tafinsa, gadar da Ginshiƙin da kumfar duk suka shige cikin dunƙulen.

"Baba! Ka lalata shi! To nawa kake nufi? Nawa za a kai?"

Ta matso da nata kusa da shi. Da bayan dunƙulen hannun ya ture shi, kaɗan-kaɗan, har ya kai bakin katifa ya sulale ƙasa.

Ta tsaya tana kallonsa, hawayen takaici na zubo mata. Ba ta iya ɗaga murya don kada Gwaggo ta ji daga ƙasa, sai ta yi faɗan cikin raɗa, wanda ya fi ihu cin rai.

"To me kake so? Wannan ba haka ba, wancan ba haka ba! Na ba ka naka ka murƙushe, na ba ka nawa ka jefar. Kana kwance ba ka iya magana amma sai ka ƙure ni? Mutane na jira, Baba. Ni ban iya rubuta masu magana ba, na gwada, ban iya ba. Ka gaya mini yadda zan yi!"

Ta ɗauko kwalin ta riƙe masa a fuska. "Ruwa? Taga? Gwaggo zan kira?"

Bai kalli kwalin ba. Dunƙulen hannun ya miƙo ya kama bakin mayafinta tsakanin yatsa da takarda, ya ja ƙasa, jan da ko kaza ba zai motsa ba. Idanunsa suka tafi kan 'yar kujerar da ke gefen gadon, suka dawo kanta, suka sake komawa kan kujerar.

Ta zauna, don ba ta da sauran abin yi. Ta zauna a ɗofane, ƙafarta na kaɗawa, zuciyarta na tafasa, tana jira ya sake ta ta ɗauki shafinta daga ƙasa. Bai sake ta ba. Ta tagar da ke buɗe ana jin ƙarar injin Mai Walda daga bakin titi, da keken Tela na tsayawa yana ci gaba, da Gwaggo tana yi wa wata faɗa a kan igiyar shanya. A hankali ƙafarta ta daina kaɗawa. Sai a lokacin ta lura tun da aka dawo da shi ba ta taɓa zama a ɗakin ba.

"Kai dai Baba ba ka da dama," ta ce a hankali.

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

Gwaggo ta dawo ta gan su haka, ta zauna a ƙarshen gadon. Ɗan ya shigo da ledar magani ya tsaya a jikin ƙofa. Rana ta sauko daga bango zuwa kan bargo. Numfashin tsohon ya riƙa yin nisa da juna, yana tafiya yana dawowa, har ya tafi bai dawo ba. Gwaggo ce ta zare mayafin Mai Fensir daga hannunsa.

Bayan an kai shi makwancinsa, masu gaisuwa sun ragu, Gwaggo ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta miƙo mata dunƙulen takarda.

"Ga abinki. Da ƙyar muka buɗe yatsunsa. Na so in zubar, na ce dai bari in kawo miki."

Mai Fensir ta karɓa ta ajiye a tebur kusa da nata shafin, wanda ta tsinto daga ƙasa ba ko ƙura a jikinsa. Yanzu babu mai hana ta. Tana iya kai nata, gada ta tsaya, huɗun su sauko cikin laka, ba wanda zai ce mata uffan. Abin da ta yi shekaru tana nema ke nan, ga shi ya zo, kuma ko kallonsa ba ta son yi. Haushin tsohon take ji, haushi na gaske, don ya tafi ya bar ta ba ta san ko ƙin shafin ya yi ya murƙushe shi ba, ko riƙe shi ya yi da iyakar ƙarfin da ya rage masa.

Ranar da mai maɗaba'a ya ce zai zo gaisuwa ya karɓi shafin, ta jona dutsen guga. Ta buɗe dunƙulen a hankali ta shimfiɗa, ta rufa masa ƙyalle, ta ɗora dutsen a kusurwa ɗaya. Da ta ɗaga ƙyallen kusurwar ta miƙe sumul, kamar ba a taɓa taɓa ta ba. Sauran shafin na nan da layukansa. Ga inda yatsu huɗu suka nutse a jikin gadar, ga inda babban yatsa ya huda kumfar da ke bakin Ginshiƙi ya fita ta baya. Tun da aka fara "Su Biyar" bai taɓa sa hannu a zanenta ba sai wannan. Ta dubi kusurwar da ta goge, ta gane sawun hannunsa take sharewa. Ta tsayar da dutsen a gindinsa ta zare wayar.

Mai maɗaba'a ya zo, ya yi gaisuwa, ya sha ruwa. Idonsa ya sauka kan shafi mai tsabta ya kai hannu.

"Ba shi ba," ta ce. "Wancan."

"Anti, wannan ai ya lalace. Ga huji, ga shi ba a rubuta komai a kumfar ba. Ko ki sake zana shi, in dawo jibi?"

"Hotonsa za ka ɗauka ka buga yadda yake. Kada ka goge layi ko ɗaya."

"Yara za su ce kuskure aka yi."

"Su ce."

Ya ciro ambulan daga jakarsa, ta girgiza kai. Ta shiga ciki ta juye wani kwalin takalmi, ta ɗauki shafin da hannu biyu ta sa a ciki, ta rufe.

"Kada ka ɗora komai a kai."

Ya karɓa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana sauka, jakarsa a rataye, kwalin a tafukansa biyu a gaban ƙirji, yana taka matakalar a hankali. A bayanta, kan tebur, dutsen gugar na 'yar ƙara yana hucewa.